Naso

Ladidi ta dawo daga makaranta da littafi a jiƙe,
ta ce, Kaka, mene ne naso?
Na ce ki bari in dawo daga jinga.
Ga shi dare ya raba ban dawo ba,
ina kan buhun yashi, tocila a cinya,
Logon na numfashi a gabana kamar san da ya ƙoshi.

To ga amsarki, tunda barci ba nawa ba ne yau.

Ambaliya mai baki ce,
tun tana nesa duk Kusuri ta ji ta,
karnuka su yi haushi, a ɗaure tabarmi.
Naso ba ya sallama.
Da la'asar jingar nan busasshiya ce kamar ƙanzo,
da magariba sai ga duhu-duhu a gindinta,
bai fi tafin hannunki ba.
Alifa masunci ya dafa wurin, ya shinshina yatsunsa,
bai ce uffan ba,
ya tafi duba igiyar kwalekwalensa.

Shekara arba'in ina cuɗa laka.
Katangun da na binne sun fi waɗanda na ɗaga,
kuma kusan duka ta ƙafa aka kama su:
fari-fari ya fito musu kamar furfura,
mai gida na yaba shafen sama,
ƙasa kuwa ta riga ta sallama.

Kin tuna kifin da kika sayo a takarda?
Kafin ki iso gida mai ya bi ta,
har ana karanta bayanta ta gabanta.
Shi ke nan. Abin da aka naɗe ya tona kansa.

Haka sukarin da ke haye kogi ba a mota ba,
ƙulli-ƙulli a ƙugun mata
masu tafiyar wata bakwai alhali ba ciki,
ɗan kwastan na hamma, idonsa kan tireloli.
Gari ya waye shayin Injamena ya yi zaƙi,
babu wanda ya ga buhu.

Ki saurari bakina ma.
Kakana ya taso daga Gumel zai je Makka da ƙafa,
guzuri ya ƙare masa a bakin ruwan nan.
Yau in na gama magana sai in ji na ce kalas,
ina gaida maƙwabci da Fillanci,
ina zagin jaki da Larabcin Shuwa.
Yaushe suka shigo?
Ni dai ban cire wa kowa sakata ba.

Kakarki Kaltuma,
ruwa take kawo wa magina, ba ta ko kallona.
Kwano ɗaya, kwano biyu, damina guda.
Na nemi ranar da abin ya fara, na rasa.
Na dai farka na tarar ta kai min har wuya.
Ciwon da ya ɗauke ta ma haka ya zo,
ɗan tari da asuba,
zani ya fara zagaye ta sau biyu.
Muna ta gadin ƙofa.

Har yanzu nakan zuba shayi kofi biyu.
Wannan ma ki rubuta shi.

Amma kada ki tsane shi duka, Ladidi.
Je ki taɓa cikin randar tsakar gida,
ki ji yadda take gumi.
Randar da ba ta naso ba ta sanyi,
robar da ba ta tsiyayar ko ɗigo
ruwanta kamar na wanka yake.
Mutum ma na ga irinsa,
komai ba ya ratsa shi, ba mai sha a wurinsa.

Tsaya.
Na haska gindin jingar.
Tafin hannun nan ya zama faifai,
faifan yana ƙyalli.

Sauran bayanin sai da safe, in akwai tsakar gidan zama.
Bari in tashi in ta da mutane.