Ludayi da Dutse

Ƙarfe huɗu na asuba, Mil Sha Biyu ba ta runtsa ba.
Tireloli na sauke tumatir,
ruwan daren jiya ya dama hanya kamar kunu,
ni kuma ina bayan majami'armu ta langa-langa
ina jera duwatsu uku, in ɗora tukunya.

Ranar da dattawa suka raba aiki
mumbari na sa wa rai, ko ganga cikin mawaƙa.
Sai Baba Jatau ya miƙo mini ludayi.
Hannu biyu na sa na karɓa,
zuciya kuwa ko yatsa ba ta miƙa ba.

Ya karanta fuskata. Ya ce, zauna, Habila.
A farkon zamani, da masu bi ba su da gini,
sai ɗakin wani, sai kogo,
sai fitila ɗaya da ake kāre ta da tafin hannu,
kan abinci gunaguni ya tashi:
gwaurayen wani yare ake tsallakewa wajen rabo.
Aka zaɓi mutane su tsaya kan akushi.
Ka san wa aka fara kashewa?
Ba mai babbar riga ba.
Mai rabon abinci.

Suka ja shi bayan gari, suka tuɓe riguna
don kada hannun riga ya rage wa jifa ƙarfi.
Ya durƙusa, jini na shiga masa ido,
yana roƙa musu gafara
kamar mai cewa a ƙara wa baƙo miya.
Bayansa wasu suka bi:
baiwar da aka ce ta tsunkuli turare ta zuba wa gunkin sarki,
tsunkule ɗaya tak, ta koma gida,
ta naɗe hannu, aka buɗe wa zaki ƙofa.

Ni ba zaki a Ikko, sai cunkoson Ikorodu.
Ba mai tambayata wa nake bauta wa.
Malam Sama'ila mai albasa ma shi ke ajiye mini ƙanana a gindin buhu,
ya ce, kai wa tsofaffinka.

Ga layina na Lahadi:
Liyatu, da mota ta cinye mata miji a hanyar Jebba,
Inna Kande mai haƙori biyu, a murƙushe mata nama,
Iya Morenike, wadda duk Hausarta kalma ɗaya ce: ƙara.
Ina ƙirga su sau biyu
don kada a tsallake wani yare a hannuna.

Sai wata Lahadi ɗan tasha ya zo karɓar kuɗin ƙasa,
ido jajir, murya kamar tsohuwar salansa.
Na ce abincin gwauraye ne, ba na sayarwa ba.
Ya sa ƙafa.
Shinkafar mutum arba'in ta kwanta cikin kwata.

Ban durƙusa ba.
Ban roƙa masa komai ba.
Na sunkuya na ɗauki dutsen murhu,
ni da na sha kuka a kan wanda aka jefa,
ga ni tsaye a sahun masu jifa.

Dutsen na da wuta.
Shi ya sa na sake shi, ba tsarki ba.
Gaskiya ɗaya ce, ko ba ta yi mini ado ba.

Inna Kande ta shafa mini manja a tafi,
Iya Morenike ta kwance bakin zane ta fito da kuɗin gari,
muka sha da ruwan leda, aka yi addu'a.
Sunansa bai fito daga bakina ba sai mako na uku,
shi ma da ƙyar, kamar ƙaya a maƙogwaro.

Yanzu tabon ya warke, fari, kamar kwabo.
Daidai nan ƙotar ludayi take zama.