Baƙin da Ba a Faɗa

Daren da aka ɗauke wuta a Birni
na tarar da ita kan dutsen bayan gida,
tocila a baki, kaye a cinya,
tana zana abin da ba boko ba, ba ajami ba,
ba kuma na Buzayen Zango ba,
wanda nake gani a jikin takubba.

Na ce, ke, wannan tonon kaza fa?
Ta cire tocila: Baba, rubutun mutanen Zarnaku ne.
Ina ne Zarnaku? Gaba da Tanut?
Ta yi dariya. Gaba da wata, gaba da Zara,
tafiyar shekara dubu a jirgin da ba a ƙera ba tukuna.

Rana biyu gare su, in ji ta,
ɗaya na faɗuwa, ɗaya na fitowa,
ba su san dare ba, ba su san tawada ba.
Da ruwa suke rubutu a kan falalen dutse,
ɗigo ɗaya, yatsa ɗaya.
Wanda bai karanta ba har ya bushe, shi ya so.
Ba mai bin wani bashi a takarda,
ba mai ɓarnar ruwa wajen ƙarya.

Na ce, to ai waɗannan Damagarawa ne.
Mu ma kwana huɗu ke nan famfo na tari ba ya tofarwa.

Baƙi talatin da bakwai, ta ƙirga mini.
Akwai mai kama da ƙahon rago da ya karye,
akwai ƙugiyar ciro guga daga rijiya.
Ƙishirwa kaɗai baƙi uku ta ci:
ta safe, ta tafiya, da ta wanda ya sha bai ƙoshi ba.
Wasali ba a rubuta shi, hura shi ake yi,
ɗigon ya karkata inda numfashi ya tura shi.

Ni baduku ne. Shekara talatin ina buga ado a jar fata,
tauraro, dagi, sawun tsuntsu,
ban taɓa tambayar ɗayansu me yake cewa ba.
Boko ya wuce ni, allo na ajiye a izu biyu,
amma na san hannu in ya san abin da yake yi.

Can ƙasan shafi akwai ɗaya shi kaɗai,
da'ira ba a rufe ba, da ɗigo a bakin ƙofarta.
Wannan fa?
Ta yi shiru har kabu-kabu biyu suka wuce.
Wannan ba a faɗarsa, Baba.
Na sunan da baki ke jin nauyinsa ne.
A can, in uba na kunyar kiran ƴar fari,
sai ya zana mata shi a tafin hannu.
Ya bushe, amma ta ji.

Shekara goma sha biyar ina ce mata ke.
Ke, kawo buta. Ke, ana sallama.
Ranar suna ma, liman ya faɗa, ni ƙasa na duba.
Haka ubana ya yi mini, ban ce ya yi laifi ba.
Ashe tana lissafi.

Wuta ta dawo, yaran unguwa suka sa ihu,
ta rufe kaye ta shige ciki.

Bayan asuba na ɗauki guntun ƙarfe da magagari.
Sau uku yana ɓaci, ƙofar da'irar na rufewa.
Na huɗu ya fita.
Na buga shi a jakar lakwal ɗinta,
daga ciki, inda ba mai gani sai mai buɗewa.

A kasuwar Dole wani ya ga hatimin kan tabarma,
ya ce in buga masa a kube, zai ƙara dala ɗari.
Na ce ba na sayarwa ba ne.
Ya ce me yake nufi?
Na ce ban iya karatu ba.

Ita har yau ba ta ce mini komai ba.
Sai dai jiya da na dawo
na ga danshi kan dakali, daidai inda nake zama,
da'ira ba a rufe ba, tana bushewa,
a gidan da ake auna ruwa da moɗa.
Ban zauna ba. Na tsaya har ta tafi.