Ajin Laraba

Shekaruna sittin ba ɗaya.
Hannuna ya san bakin taya,
ya san inda ƙusa ke ɓuya
ko da idona a rufe.
Amma fensir ya fi ƙarfina.
Na damƙe shi kamar liba,
ya karye gida biyu,
Mama Nkiru ta tuntsire da dariya
har tabaraunta ya faɗo kan benci.

Mu goma sha ɗaya ne ran Laraba
a ɗakin bayan coci, can Dambuwa,
inda ake jingine gangunan Zumuntar Mata
da kujerun da suka rasa ƙafa.
Katikis Habila, mutumin Zuru,
shi ke rubutu da alli, ya goge da hannun riga.
Rabin sa'a na baƙi da wasali,
rabin sa'a na tambaya da amsa:
wane ne maƙwabcinka, me ake nufi da gafara.

Baba Ojo tela ya san inci, ya san yadi,
amma “ɓa” ta ƙi zama a bakinsa.
Keziya takan shigo a makare
da ƙamshin man ƙosai a zaninta.
Saja Filibus, da ya bar soja tun da daɗewa,
ba ya ba da amsa sai ya miƙe ya ƙame.

Bazarar Sakkwato ba ta san coci ba,
ba ta san masallaci ba, kowa gasa shi take.
Fanka ta tsaya cak, zufa na ɗiga kan takarda.
Malam Sahabi mai kanti ya leƙo ta taga:
“Tsohwahhi, mi kuka karatu cikin wanga zahi?”
Ya aiko yaro da ƙanƙara a bokiti.
In ladaninsu ya kira magariba
mu ma mun san lokacin tashi ya yi.

Ban gaya wa kowa abin da ya kawo ni ba.
Fada ya ɗauka ina son karatun Lahadi ne
a gaban jama'a, da lasifika.
A'a.
Rifkatu ce ta tafi, damina uku ke nan,
ta bar mini Littafinta mai baƙin bango,
an ɗaure shi da robar tayata.
Gefen kowane shafi cike da rubutunta,
ƙanana, a jere, kamar sahun tururuwa.
Shekara talatin muna kwana ɗaki ɗaya,
ban san me take faɗa wa takarda ba.
In kai wa ɗana ya karanta? Kunya ta hana.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wata bakwai ina haɗa baƙi da baƙi
kamar mai faci a kan faci.
Wani dare na kunna fitilar waya,
na sa yatsa, na bi a hankali.
Na zaci addu'o'i zan tarar masu nauyi.
Akwai su. Amma ga abin da na fara cin karo da shi:

“Adashi, saura Saraya da matar Gomo.”
“Kuɗin kyandir na Ista, an biya.”
“A kai wa Keziya kunu, ta haihu.”
Can ƙasa, ta ja layi biyu:
“A tuna wa Yunana ya sha maganin hawan jini.”

Sunana ne.
Sau uku na karanta shi, da ƙarfi,
har karen maƙwabta ya amsa.

Na tashi na lalubo ƙwayar a aljihun riga,
na kora da ruwan randa.
Na ɗauko guntun fensir ɗin nan da ya karye,
na danne shafin da gwiwar hannu.
Harufan sun fito a karkace,
ɗaya na hawa kan ɗaya,
amma Katikis da kansa ba zai ce ba su karantu ba:

“Na sha.”