Mai Riƙon Wuri

Sanyin Jos ba ya sallama.
Da asuba ruwan alwala ya taɓa dasashina,
na ji shi har ƙeya.
Nan ne, ɓangaren hagu, inda aka dasa mini ƙarfe
bayan na sayar da ɗan filina na Rikkos.

Shekara talatin ina haƙar kuza a Bukur,
na san ramin da zai riƙe, na san mai ruftawa.
Amma da aka haƙa cikin bakina
ban gane ƙasar ta yi taushi ba.
Wata goma sha huɗu yana zaune daram.
Na ci tsire, na gaigayi gasasshiyar masara a Taminus,
na yi dariya a ɗaurin aure ban kare baki da hannu ba.
Sai ya fara lilo.
Sai wari, sai ɗaci a miyau,
sai wata Talata ya faɗa kofin shayi, ƙwal!

Likita Nanret ta ɗaga hoton muƙamuƙina ga fitila.
"Baba, ƙashin bai karɓi baƙon ba.
Suga ya hau, kuma ba ka bar taba ba."
Na ce kara ɗaya ne bayan isha'i.
Ta dube ni.
Na ce to, uku.

Yau na dawo, ba don kaina ba.
Juwairiyya ce, jikata, shekara biyar da rabi,
kwana biyu ba ta rintsa ba,
kumatu kamar ta ɓoye goriba.
Ɗigon da ke turminta na ƙasa,
wanda da bai wuce ƙwayar acca ba,
ya zama rami.

A kan benci na ce wa uwarta: me za a cike?
Haƙorin nono ne, gobe zai fita da ƙafarsa.
Wa ke yi wa bukkar gona daɓen siminti?
Ashe labule ba bango ba ne.
Likita ta leƙo: "Wannan ƙaramin, riƙon wuri yake.
Akwai babba a ƙarƙashinsa yana jiran lokacinsa.
In ya tashi da wuri maƙwabta su matso,
mai wuri ya iso ya tarar an cinye sahu,
ya fito a karkace.
In ya ruɓe kuwa, ruɓar ta gangara ta same shi a kwance."

Na yi shiru.
Hannuna cikin aljihu ya ci karo
da alawar madara biyu da na sayo mata a hanya.
Ni ne. Kullum bayan la'asar, ni ne.

Injin ya soma kukansa na sauro.
Ta damƙe babban yatsana har ya yi fari,
hawaye na gangarawa cikin kunnenta,
ba ta ce uffan ba.
Ni da na ga rami ya haɗiye mutum biyu a Ɗorawa,
ni ne na kawar da kai.

Cikin keke, a hanyar Bauchi,
leɓenta bai gama farkawa ba, magana na zamewa,
ta ce, "Kaka, ina naka?"
Na fiddo gidan ashana. Yana ciki,
kai fari, gindi mai zare kamar kusar rediyo.
Ta juya shi, ta juya.
"Ka jefa kan rufi, ka rufe baki kada ƙadangare ya gani,
wani zai fito."

Alawar na miƙa wa mai keke.
Muka tsaya kemis, buroshi biyu,
nata ja, nawa ruwan ganye.

Da magariba na jefa.
Ya gangara bisa kwano, ƙararrr, ya tsaya.
Ta tafa hannu: "Yanzu sai mu jira."

Muna jira, ni da ita.
Ban gaya mata ba
ƙarƙashin nawa babu kowa.