Wasiƙar Da Ban Karanta Ba

Na sa hannu a kan takarda
cewa na yafe ganin abin da za a rubuta a kaina.
Haka kowa ke yi a Milwaukee, aka ce mini,
wasiƙar da mai ita ya leƙa
ba ta da nauyi a ma'auni.
Na miƙa wuyana ga alƙalamin wasu,
ban ko tambayi kaifinsa ba.

Dakta Lindqvist, mai dariya har kunne,
ya dafa kafaɗata a bakin ɗakin tiyata:
"Corinne, ke ai tamu ce.
Zan rubuta miki wadda za ta buɗe ƙofar ƙarfe."
Na taka zuwa gida cikin dusar ƙanƙara, ba hula,
sanyi bai taɓa ni ba.

Dakta Pavlik kuwa,
tsohuwa mai gajeren gashi da gajeriyar magana,
wata shida ina bin ta gado-gado,
ko aron "madalla" ban samu a bakinta ba.
Da na roƙe ta, ta dube ni ta saman tabarau,
ta ce, "Turo mini ranar rufewa."
Shi ke nan.
Na sa sunanta ne don cike gurbi na uku,
ba don na sa rai ba.

Sai yawon ganawa, da kwat guda ta aro:
Omaha, Toledo, wani gari da ban ga komai ba sai asibitinsa.
A Denver shugaban horo ya riƙe hannuna da hannu biyu,
kwana uku saƙonsa ya biyo ni:
"Muna hango ki a cikinmu."
Na karanta sau goma sha ɗaya, na tura wa mahaifiyata,
ta fara tambayar kuɗin haya a can.
A daren, ɗakin shan kofi na hawa na huɗu,
Renaldo ya nuna mini wayarsa yana washe baki.
Zance ɗaya sak, har waƙafin da aka manta.
Romon baka ne, tukunya guda aka dafa
aka raba wa mutum arba'in.
Na gani da idona,
amma ban sauke Denver daga saman jerina ba.

Juma'ar Maris, ƙarfe sha ɗaya,
zaure maƙil da iyaye da balan-balan,
ambulan a hannuna kamar sakamakon gwajin jini.
Na yage. Duluth. Zaɓina na biyar.
Na yi murmushin da muke yi wa majinyaci
kafin mu faɗa masa abin da hoton ya nuna.
Lindqvist ya gifta da kofin lemo,
"Barka, Colleen!"
Ashe ko sunana bai riƙe ba.

Sai a Nuwamba, bakin tafki ya fara daskarewa,
ƙarfe ukun dare, ni da Dakta Sorrell
muna jiran zazzaɓin wani yaro ya sauka,
ta ce, "Kin san abin da ya kawo ki nan?
Wasiƙu biyu sun ce ke haziƙa ce.
Duk wanda ya nema, haziƙi ne a takarda.
Ɗayar ma ta kira ki 'shi' a sakin layi na biyu.
Ta ukun, layi tara kacal.
Ta ce wata rana kin kuskure awon magani,
ba wanda ya lura, majinyacin lafiya ƙalau,
kika zo da ƙafarki kika faɗa, muryarki na rawa.
Ta rufe da cewa: ranar da na kwanta ciwo,
wannan za a kira mini."

Na tuna ranar.
Na yi kuka a matakala, na ɗauka tawa ta ƙare a wurinta.
Wata shida ina auna matar nan da fuska,
fuskar kuwa ba ta ba da labarin zuciya ba.

Na rubuta mata godiya, shafi biyu.
Bayan mako amsa ta zo:
"Na gani. Ki riƙa cin abinci."
Na manna ta a ƙofar kabad ɗina, kusa da jadawalin dare.
Saƙon Denver kuwa, na neme shi jiya,
ban san inda ya shiga ba.