Ƙarfe Ba Ya Amsa Sallama

Gonar waken Baffa Manu a Kumo,
wadda ya taɓa jinginarwa kan buhu huɗu,
jiya dillali ya ja mata igiya,
ya yanka ta goma sha biyu kamar tsire,
kowane yanka miliyan uku, ban da la'ada.

Masu sayen ma'aikata ne a Gombe.
Hayar birni ta koro su,
ta biyo sawunsu har ƙofarmu.
Su fita ana sallame Asuba,
su dawo mai shayi ya kashe wuta.
Garin nan matashin kai ne gare su.

Da, in baƙo ya nemi kwatance,
a ce gidan Dattuwa mai tsamiya,
gaba da rijiyar Adda Jebbu.
Yanzu kwatance ya koma fenti:
baƙin ƙyaure, jan ƙyaure, mai tanki biyu.
Ƙarfe kuwa ba ya amsa sallama.

Ni ina rumfata ina awo.
Mudu bai ƙara girma ba,
ƙasar da nake zaune kanta ce ke tashi.
Ɗana Hammayo ya taya ɗaki ɗaya
a layin da aka binne cibiyarsa,
ya ji kuɗi, ya yi dariya,
ya tayar da babur sai Pindiga.

Amma ran kasuwa ga mai jan ƙyaure,
takalmi duk taɓo,
ya tsuguna yana taya dawa:
"Baba, a rage, ni ma ɗan gari ne."
Na cika mudu, na ɗora gyara,
sannan na tambayi sunansa.