Kajinjirin Kawu Arzika

A bakin fadamar Ka'oje, can gangare,
Inda laka ke riƙe sawun shanu har rani,
Akwai wani itace da ba ya son miƙewa,
Ya karkata kamar mai leƙen rijiya,
Mu a gida mun san shi da kajinjiri.

'Yan kasuwa ba sa ko taya shi,
Wai ƙwallo ne ya yafa 'yar riga,
Na Agadas ake zuba wa a faranti,
Wannan kuwa dabinon biri.

Kawu Arzika ya ji, bai tanka ba.
Ya tsotse goma sha biyu a zaune,
Ya jiƙa ƙwallayen kwana uku a ƙoƙo,
Ya binne su bayan rumbu, a jere,
Ya kewaye da ƙaya don awakin gari.

Wata biyu ƙasa ba ta ce uffan ba,
Sannan ganye ɗaya ya leƙo, siriri,
Ka rantse ciyawa ce, ka sa fartanya.
Bakwai suka rayu, biyar sun tafi da fari.

Shekara shida yana ɗauko ruwa a tulu.
Da suka fid da fure, fari kamar gari,
Ƙudan zuma suka cika mana gida,
Muka jira nono ya sauko, shiru.
Duk bakwai ɗin maza ne,
Ba mace ko ɗaya a cikin jeri.

Inna Ige ta yi dariya har da tari,
Tana tsaga kaba da farce, ta ce:
"Ƙwallo ba ya faɗa maka abin da ya ƙunsa.
In 'ya'ya kake so, je gindin uwa,
Ciro ɗiyar da ta tsiro a jikinta,
Ita ce ba ta ƙarya, tun fari."

Ya tafi da gizago ranar da aka yi ruwa.
Ƙayar gindin ganye ta kai tsawon yatsa,
Ta shige masa hannu, ta karye a ciki,
Sati biyu yana cin tuwo da hagu,
Yana gasa wurin da ruwan gishiri.

Ɗiyar ta kama. Ya rage mata ganye,
Ya ɗaure sauran, ya yi mata inuwa da zana.
Da ta yi fure ya yanko na mazan nan,
Ya karkaɗa mata da sassafe, ba iska,
Ya ce, "To, ga amfanin zaman haƙuri."

Na ci na farko. Baƙi-baƙi ne, ɗan mitsitsi,
Da zaƙi kaɗan, da bauri a ƙarshe,
Yana kama harshe, ya ƙi saki da wuri.

Bara masu shinkafa suka sare na fadama,
Suka sa wuta, suka kafa injin ban ruwa.
Kawu ba ya nan, bai ga wannan ba.
Jiya na bi ta wurin da yamma,
A gefen kututture mai baƙin toka
Na ƙirga tsiro huɗu, kore shar,
Ɗaya har ya soke ni a ƙauri.